Kundin wuraren hawan dutse na Filato: yaya za a rubuta inda kowane dutse yake?

Bashir (mai kula da zaure): Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Maganar kundin nan da muka daɗe muna ja, na fara tattara ta. Na bi tsofaffin saƙonnin zauren nan na kwashe duk wuraren hawa da aka taɓa turowa, daga Shere zuwa Lamingo, Naraguta, Riyom, har da na 'yan Abuja. Abin da na tarar ya ɗaure min kai. Dutse ɗaya a bayan madatsar Lamingo yana da alama uku a taswira, kowace da wanda ya turo ta, ɗaya ma a tsakiyar ruwa ta faɗa. Wani wurin an rubuta "bayan gidan mai, ka bi hagu", ba a faɗi wane gidan mai ba. Wani kuma hoto ne kawai, a ƙasansa an sa "wurin nan ya yi". Kafin mu ɗora komai a intanet ina so mu tsayar da ƙa'ida. Shawarata tebur ɗaya, kowane dutse layi ɗaya: suna, lambobin GPS, hoto, tsayi, da wahalar hawa. Me kuka gani?

Sadiq: Wa alaikumus salam Yaya Bashir. Ni ban ga abin wahala ba. Kowa ya buɗe Google Maps, ya danna kan dutsen, ya turo. Shi ke nan.

Hajara: Sadiq, dannawar nan ita ta kai mu tsakiyar ruwa. Mutum yana kwance a ɗaki a Anguwan Rogo yana duba hoton sama, duk duwatsun Shere kamarsu ɗaya daga can, sai ya dangwala wanda ya fi kama da nasa ya ce shi ne. Kuma Yaya Bashir, lamba ɗaya ba ta isa ba. Uku ake so ga kowane wuri: inda za a ajiye mota ko inda mai keke zai sauke ka, inda hanyar ƙafa ta rabu da titi, sannan gindin dutsen, daidai inda ake ɗaura igiya. Idan ka ba baƙo lambar gindin dutse kaɗai, taswira za ta kai shi titin da ya fi kusa, wanda sau da yawa ta bayan tsaunin yake, da rafi da gonakin mutane a tsakani.

Baba Audu Safiyo: Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Hajara ta yi magana. Bari in ƙara da abin da aikin awon ƙasa ya koya min, ku yi haƙuri da tsawon rubutu.

Kowace alama a taswira lamba biyu gare ta, ta arewa da ta gabas. A yawancin ƙasashe in aka juya su nan take ake ganewa, don alamar sai ta faɗa teku ko wata nahiya. Mu a Filato ba mu da wannan gatan, domin lambobinmu biyu sun yi kusa da juna. Tsaunukan Shere suna wajen 9.95 arewa, 9.05 gabas. Ku juya su ku gani: 9.05 arewa, 9.95 gabas. Yankin Wase ke nan, kusa da Dutsen Wase kansa, tazarar kilomita 140 ko kusa da haka a miƙe. Jiha ɗaya, kuma can ma dutse ne, mai dubawa a waya zai ce ai daidai ne. Juyewar kuwa ba sai da sakacin mutum ba. Google Maps da arewa take farawa, amma fayil ɗin KML na Google Earth da gabas yake farawa a cikinsa. Wanda ya kwafo daga nan ya zuba can bai lura ba, an gama.

Sai maganar minti. Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba. Wanda ya ga digiri 9 da minti 57 ya rubuta 9.57, ya yi kuskuren 0.38, tunda daidai ɗin 9.95 ne. Digiri ɗaya kilomita 111 ne, ku lissafa: ya tura mutum kilomita 42 kudu, wajen Mangu. Don haka a bar minti da sakan gaba ɗaya. A rubuta digiri da ɗigo, arewa a gaba, gabas a baya, kowace a gidanta dabam a tebur.

Bayan ɗigo kuma lamba biyar. In uku ce, wurin ya kai faɗin mita 111. In huɗu ce, mita 11. Ta biyar ita ke kawo ka kusan mita ɗaya. Abin da ya wuce biyar ado ne, wayarku ba ta san shi ba.

Sadiq: Baba, wato mutum ya fito hawan Shere da ruwan leda biyu ya tsinci kansa a Wase. Allah ya kyauta.

Baba Audu Safiyo: Amin. In ya je ma ba zai hau ba, don wurin tsuntsaye ne da aka keɓe, kwasakwasa suna ƙyanƙyasa a samansa. Kar ma a sa shi cikin kundin a matsayin wurin hawa.

Nanret: Baba ina wuni. Akwai tsohuwar taswira ta takarda a wurin kawuna, ta yankin Naraguta, mai ma'aunin 1:50,000. Duwatsun sun fito sarai da layukan tudu. Ba za mu iya ɗebo lambobi daga ciki ba?

Baba Audu Safiyo: Lafiya lau 'yata. Ki riƙe ta da kyau, tana da amfani wajen gane rafuka da tsofaffin hanyoyin masu haƙar kuza. Amma kar ki ɗebi lamba daga cikinta ki zuba a waya kai tsaye. Taswirorin nan an yi su ne a kan ma'aunin Minna, wanda tushensa yake can Minna ta jihar Neja, waya kuwa da ma'aunin duniya na GPS, wato WGS84, take aiki. A yankinmu bambancinsu ya kai mita 80, mafi yawansa tsakanin gabas da yamma. Ga mai neman gari wannan ba komai ba ne. Ga mai neman tsaga ɗaya a cikin tarin duwatsu, mita 80 wani dutse ne dabam. A kan teburin a rubuta WGS84 da manyan baƙi.

Nanret: Na gode Baba. To wata tambayar. Na lura in na tsaya a gindin dutse, shuɗin ɗigon nan na waya ba ya zama wuri ɗaya, sai yawo yake yi.

Baba Audu Safiyo: Dutsen ne. Waya tana sauraron taurarin ɗan'adam da ke warwatse a sama. A fili tana jin su ta ko'ina, kuskurenta bai cika wuce mita biyar ba. In kin jingina da bango mai tsayi, ya tare miki rabin sama, kuma saƙon da ya daki dutsen ya dawo yana isowa a makare, sai waya ta ɗauka kina wani wuri. Cikin kwazazzabo ko tsakanin duwatsu biyu abin ya fi muni. Maganinsa, ki ja baya taku goma ko ashirin zuwa inda sama ta buɗe, ki tsaya minti biyu har ɗigon ya natsu, ki duba adadin kuskuren da manhajar ta nuna, ki rubuta shi tare da lambar. Sai ki ƙara da baki: daga nan dutsen yana taku goma sha biyar ta arewa. Kuma ba sai da data ba, GPS ba ruwansa da sabis. Taswirar ce kawai ke bukatar a sauke ta tun daga gida.

Hajara: Shi ya sa nake cewa a riƙa ɗaukar sawun hanyar gaba ɗaya. Manhajar taswira ta OsmAnd tana yi ba tare da intanet ba. Ka kunna daga inda ka ajiye mota, ka kashe a gindin dutse, ta ba ka fayil ɗin GPX. Wanda bai taɓa zuwa ba sai ya bi layin. Wani abu kuma, masu cewa ai lambar tana cikin hoton: in kun turo hoto ta WhatsApp yadda aka saba, goge bayanan take yi. Sai dai a turo shi a matsayin fayil.

Sadiq: Anti Hajara, kun mayar da hawan dutse aikin ofis. Lamba uku, sawun hanya, jiran minti biyu. Wa zai yi duk wannan?

Hajara: Wanda yake so sunansa ya fito a kundin. Sau ɗaya ake yi, Sadiq, ba kullum ba.

Azi: Ina gaisuwa ga manya. Ina ta karantawa tun ɗazu, duk maganar lamba ake yi. Ni gidan farko na teburin ne ya dame ni, wato suna. Na ga jerin da Yaya Bashir ya haɗa, akwai "Dutsen Biri", akwai "Bangon Sadiq", akwai wani da sunan Turanci. Ni a gindin Shere aka haife ni. Duwatsun nan kusan kowanne da sunansa a bakin Afizere tun kafin a fara haƙar kuza. In baƙo ya ɓata ya tambayi mai noma ina Bangon Sadiq, wa zai nuna masa? Kuma akwai wuraren da ba a hawa, ko mu 'yan gari ba ma zuwa sai da dalili. Biyu daga cikin alamomin da ke jerin nan a irin waɗannan wurare suke. Ba zan faɗi waɗanne ba a nan, zan gaya wa Yaya Bashir shi kaɗai.

Sadiq: Azi, dutse ai na Allah ne. Ba gona muka shiga ba, ba mu ɗauki komai ba.

Dung: Sadiq, ka bi a hankali. Dutse na Allah ne, gonar da ka ratsa ka isa gare shi ma ta Allah ce, amma akwai wanda ya shuka acca a ciki. A wajenmu Riyom, hanyar zuwa dutse kusan duk ta cikin gonaki take bi, da shingen kerana a kewaye. Mutum biyar su zo sau ɗaya a shekara ba wanda zai ce komai. Ranar da aka sa wurin a intanet motoci suka fara zuwa duk Asabar, ana tattake dankali ana yar da robobi, ranar za a hana kowa, har mu. Kuma a Filato, baƙin fuska su bayyana a bayan ƙauye da jakunkuna da igiyoyi ba wanda ya san da zuwansu, kai ma ka san ba ƙaramin abu ba ne.

Azi: Shi ne. Abin da nake nema kaɗan ne. Sunan da mutanen wurin suke kira ya zo farko. Hanyoyin hawa da ke jikin dutsen, wanda ya fara hawa ya sa musu sunan da yake so, wannan al'adar masu hawa ce, ban hana ba. Sannan a ƙara gida a tebur: an gaida mai unguwa ko ba a gaida ba, kuma me ya ce.

Sadiq: To Bangon Sadiq ya zama hanyar Sadiq. Na yarda, amma a rubuta da manyan baƙi.

Malam Isa (Abuja): Assalamu alaikum. Ni tawa damuwar dabam ce, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Anya ya dace a baje lambobin nan a fili? Kuna shirin rubuta daidai inda ake ajiye mota, daidai hanyar ƙafa, daidai inda mutum zai rataye a jikin igiya na awanni, a wurin da ba sabis. Duk wanda yake da waya zai karanta, na kirki da wanda ba na kirki ba. Mu nan Abuja akwai tsaunukan gefen gari da muka daina zuwa saboda masu garkuwa da mutane. Ina ganin a bar kundin cikin zaure, mu da muka san juna.

Hajara: Malam, na fahimce ka, amma ban yarda ba. Mugu ɗan yanki ya fi mu sanin dutsen, ba ya jiran teburinmu. Abin da bai sani ba shi ne yaushe za mu zo, kuma wannan ba a kundi yake ba, a hotunan da ake ɗorawa Facebook ne ana cewa gobe muna wuri kaza. Shi ya kamata a daina. Ka duba ta ɗaya gefen. Mutum ya faɗo ya karye, ko kububuwa ta sare shi, abokinsa ya hau tudu ya samu sabis da ƙyar. Me zai ce wa masu zuwa ɗauka? Muna bayan Shere? Shere ba dutse ɗaya ba ce, jerin tsaunuka ne, mafi tsayinsu ya kai mita 1,829. Daga Lamingo asibitin koyarwa ba nisa, amma sai an san inda za a ɗauko mutum tukuna.

Malam Isa (Abuja): Masu ɗaukowa ai mu ne, kuma muna cikin zaure. Ba sai duniya ta gani ba.

Hajara: Wanda ya zo daga Kano ko Legas fa, wanda ba ya cikin zaure? Ko da kundi ko babu zai zo, tunda ya ga hoto. Gara ya zo da lamba ta gaskiya.

Dung: Ku duka kuna da gaskiya, amma ba a wuri ɗaya ba. Dutsen Riyom a bakin titi yake, kowa ya san shi, ɓoye lambarsa wasa ne. Haka gefen Shere da ke kusa da makarantar horon Man O' War, kullum da mutane. Amma akwai lungunan da sai ka yi tafiyar awa guda daga gida na ƙarshe. Waɗannan a rubuta sunansu da ƙauyen da za a sauka kawai, a ce sai da ɗan rakiya daga gari. Yaran ƙauyen ma su samu na sabulu.

Malam Isa (Abuja): Wannan da sauƙi. Amma wa zai yanke wane wuri ne na fili, wane ne na ɓoye?

Bashir (mai kula da zaure): Wanda ya fi kusa da wurin. Azi a Shere, Dung a Riyom, kai Malam a naku. In mutumin yanki ya ce a rufe, a rufe, ba musu.

Malam Isa (Abuja): To ni nawa duka a rufe tukuna, ban da Katampe. Kuma Bashir, na ga ka sa Dutsen Zuma ƙarƙashin Abuja. A jihar Neja yake, gefen Madalla da Suleja, ko da yake 'yan Abuja sun fi kowa ɗaukar hoto da shi. Dutsen Aso kuwa a cire shi kwata-kwata, kar wani yaro ya ɗauki igiya ya nufi bayan fadar shugaban ƙasa da sunan kundinmu. Wani abu da za ku ƙara shi ne kwanan wata. A Mpape mun ga yadda masu fasa dutse suke cinye tsauni. Wurin da aka auna bana, baɗi ana iya tarar da ana tashin nakiya a gefensa.

Baba Audu Safiyo: Malam Isa ya taɓo babban abu. Awon da ba shi da rana da sunan mai awo, a aikinmu ba a karɓarsa. Kuma wanda ya auna ba shi ne zai tabbatar ba. A ba wani wanda bai taɓa zuwa wurin ba, a ba shi lambobin kawai, ba kwatance ta waya, ba rakiya. In ya isa gindin dutsen, a sa alamar an tabbatar. In bai isa ba, layin bai shiga kundi ba, ko wa ya rubuta shi.

Nanret: A ƙara da gefen da bangon yake kallo. Da hunturu rana ta kudu take bi, bangon da ke kallon arewa yini yake cikin inuwa, ga iskar Jos, yatsu ba sa riƙe komai da safe. Tsakiyar damina kuma akasin haka ne. Sai gargaɗi: inda zuma ta yi gida a tsaga, inda ɓawon dutse yake ƙara kamar ba a manne yake ba in an ƙwanƙwasa, da inda gansakuka ke sa santsi bayan ruwa. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma a rubuta a saman shafi cewa in hadari ya haɗo a sauko, saboda tsawa.

Sadiq: Ma'aunin wahala fa? Ni na saba da na Amurka, 5.9, 5.10.

Hajara: Na Faransa, 5a, 6b, shi yawancinmu muka koya. Na gajerun duwatsu da ake hawa da katifa kuma a bar shi a ma'aunin V. Mai son na Amurka ya juya da kansa, teburin juyawa ya cika intanet.

Sadiq: An danne ni sau biyu yau.

Bashir (mai kula da zaure): Saura inda za a ajiye shi. Na duba theCrag, shafin intanet na masu hawan dutse, tsarinsu ya dace: yanki, sai dutse, sai hanya, kuma baƙi daga waje can suke dubawa. OpenStreetMap kuma, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara wa bayani, tana da alamar wurin hawa, abin da aka sa can yana fitowa a OsmAnd ko ba data. Amma tana da sharaɗi, ba a kwafo wuri daga Google Maps a zuba mata, amma abin da mutum ya auna da kansa ana karɓa. Wannan ma ya yi daidai da ƙa'idar Baba. Ni dai ina ganin uwar kundin ta zauna a teburinmu da Hausa, mutum uku kaɗai ke iya gyarawa, sai wuraren da aka tabbatar kuma aka yarda a buɗe mu riƙa ɗora su can.

Malam Isa (Abuja): Ka dai sani abin da ya shiga OpenStreetMap ya shiga ke nan. Ko ka goge, tarihinsa yana nan, wasu kuma sun riga sun kwafa.

Bashir (mai kula da zaure): Shi ya sa ba abin da zai tafi can sai mutumin yanki ya sa hannu. Yanzu duk layukan da ke jerin na mayar da su "ba a tabbatar ba", har da nawa. Za mu fara da dutsen bayan Lamingo mai alama uku. Hajara za ta auna, Azi zai kai mu wurin mai unguwa ya kuma samo mana sunansa na gaskiya. Wa bai taɓa zuwa ba, ya zama mai gwaji?

Nanret: Ni ban taɓa zuwa ba.

Baba Audu Safiyo: Madalla. Kar wanda ya yi mata kwatance. Hajara, ki turo min lambobin in duba kafin ki ba ta.

Sadiq: Wace rana? In zo da igiya?

Bashir (mai kula da zaure): Ranar zan turo wa kowa ta akwatinsa, ba a nan ba. Ka zo da igiya da hular kwano biyu, ta Nanret ta tsage.